Kumatu a Cikin Akwati

Gem ɗin, ɗan abin wasan nan mai aiki da batir, ya shigo gidanmu ne a farkon dogon hutu, shekarar da sojoji suka miƙa mulki, damina ta kankama har ciyawa ta cinye 'yar hanyar da ke bayan gida. A Barade muke zaune a lokacin, cikin gidan haya mai sassa biyu da gajeriyar katanga a tsakani. Mu ne a ɓangaren hagu: Baba da ke aiki a ma'aikatar gona, mahaifiyarmu da muke kira Dada, ni, ƙanwata mai bi mini, da autanmu da ko rarrafe bai fara ba. A ɓangaren dama akwai likitan dabbobi, mutumin kudu, da matarsa mai aikin jinya, da 'yarsu tilo. Sa'ata ce, ajinmu ɗaya, kuma tun ranar da suka sauke kaya na riƙe ta a matsayin tawa ni kaɗai.

Hausarta irin wadda ake tsinta a makaranta da kasuwar Jalingo ce, kowa namiji ne a bakinta. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Sai dai ta taka bulo ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Ƙawa, ka zo." Ni kuwa ko wanke-wanke nake yi sai na tsame hannu na tafi.

Ƙanin mahaifiyarta ne ya kawo mata gem ɗin lokacin da ya dawo daga karatu a ƙasar waje. Ɗan abu ne ruwan toka, bai fi girman sabulun wanki ba, da ɗan gilashi a sama da maɓallai a ƙasa. Ba shi da haske a ciki, sai an fuskanci rana ake ganin abin da ke gudana, don haka a barandarsu muke zama, kafaɗa na gugar kafaɗa. Wani ɗan mutum ake tuƙawa a ciki, yana yawo daga gari zuwa gari. In ya kutsa cikin doguwar ciyawa sai wani dodo ya faɗo masa. A yi faɗa da shi har ya galabaita, sannan a jefa masa ɗan ƙwallo a kama shi, ya zama naka. Akwai dodannin wuta, na ruwa, na ganye, na dutse, na walƙiya, da wasu da ba mu gane ko na mene ne ba. Kana iya kama ko nawa ne, amma shida kaɗai ake tafiya da su. Su ne tim. Sauran sai a kai su wani ɗaki cikin gem ɗin a zuba a akwati, su zauna can har a tuna da su.

Ranar da ta fara ba ni na riƙe da hannuna, nan da nan na fara dannawa. Na shiga ciyawa, wani abu mai kama da kwaɗon da ya haɗiye ƙwarya ya fito, ƙafafunsa gajeru, fuskarsa duk kumatu. Na kama shi a jifan farko. Gem ɗin ya tambaya ko za a sa masa suna, ƙawata ta ce, "Naka ne, ka sa." Na bi haruffa ɗaya bayan ɗaya na rubuta KUMATU.

Ba kyakkyawa ba ne, ba shi kuma da sauri. Abin da ya iya kawai shi ne ya jure duka, sannan ya tattaro jikinsa ya faɗa kan abokin faɗa. Amma ni na kama shi, kuma duk ranar da ƙawata za ta tafi koyon waƙa a coci sai ta naɗe gem ɗin cikin hankici ta miƙo mini ta katanga. In na gama aikina sai na zauna a bakin ƙofar kicin in yi ta zagaye da shi cikin ciyawa, yana doke ƙananan dodanni, lambar ƙarfinsa tana hawa a hankali. Ba na zuwa ko'ina da labarin, ba na taɓa sauran biyar ɗin. In ta dawo na nuna mata inda ya kai, ta ce, "Kai, Kumatu ya yi ƙiba." Mu yi ta dariya.

Ƙanwata kuwa ba ta cikin lissafi. Shekara ɗaya da 'yan watanni na ba ta, amma tana da ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana, kullum leɓenta na ƙasa yana cikin baki. In mun zauna a baranda sai ta zo da auta a goye ta tsaya a bayanmu tana jijjiga shi, tana kallo ta saman kanmu. Ba ta taɓa cewa a ba ta ba. Ni ma ban taɓa cewa ta matso ba.

A kowane gari cikin gem ɗin akwai wani gwani da sai an kayar da shi ake wucewa. Mun wuce na farko da na biyu ba wuya. Da muka kai wani mai dodannin ruwa sai muka maƙale. Ƙawata tana da wani dodon wuta da take ji da shi, mai kama da kare da harshen wuta a gadon baya, shi take sawa a gaba kullum. Ana fara faɗa sai a watsa masa ruwa ya faɗi. Sauran su biyo baya. Kumatu ne yake daɗewa, shi ma daga ƙarshe ya kife. Muka yi ta maimaitawa har ƙawata ta fara dukan cinyarta da gem ɗin.

Sai muka ji murya daga bayanmu. "Ki sa mai ganyen nan a gaba."

Muka waiwaya tare. Ƙawata ta ce, "Wannan ƙarami? Ba shi da ƙarfi."

"Duk sanda ya taɓa na ruwa, layin jininsu yana sauka da yawa," in ji ƙanwata. "Na gani jiya, na gani ɗazu."

Ƙawata ta ɗaga kafaɗa ta gwada. Ɗan dodon ganyen, wanda muke ɗauke da shi don cike gurbi kawai, ya share dodannin gwanin nan kusan shi kaɗai. Ƙawata ta miƙe tsaye tana tsalle, ta kama kumatun ƙanwata da hannu biyu. Ni kuwa na ce, "Ai abin da nake shirin faɗa ke nan." Babu wanda ya ji ni. Ko sun ji, ba su amsa ba.

Daga ranar aka matsa wa ƙanwata wuri a kan tabarma. Da farko a gefena take zama, ni ce a tsakiya. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ƙawata a tsakiya, ni a dama, ita a hagu, kuma gilashin ya fi karkata hagu. Ƙarami take kiranta. "Ƙarami, wannan fa? Mu kama ko mu bari?" Ƙanwata ta ɗan tsotsi leɓe ta ce a bari, muna da irinsa wanda ya fi shi. Ko ta ce a kama, zai yi amfani a gaba. Ba ta damu da wanda yake da kyau ba, ba ta damu da wanda muka daɗe da shi ba. Tana riƙe da komai a ka: wa ke cin wa, wa ke fara bugu, wa ke girma ya sake kama. Ni in na ga dodo fuskarsa nake kallo. Ita lambobin da ke gefensa take karantawa.

Na yi ƙoƙari. Na riƙa zuba ido ina haddacewa, in an tambaya in yi sauri in riga ta. Wani lokaci na dace, sau da yawa na kuskure. In na kuskure sai ƙawata ta juya hagu ta jira. Wannan juyawar ta fi mini zafi a kan a ce ban iya ba.

Har batir ya shiga cikin abin. Gem ɗin yana shan batir kamar me, kuma likita ba ya sayo sabo sai in ya dawo daga kasuwar shanu ta Iware. In sun yi sanyi sai mu shanya su a kan kwanon kejin kaji, mu ɗan cije su da haƙori, su ƙara ɗan numfashi. Da damina kuwa rana ba kullum ba. Sai na lura sababbin batir na zaman baranda ne, inda ake ci gaba da tafiya. Ranar koyon waƙa, in an miƙo mini ta katanga, tsofaffin ne a ciki. Ina cikin zagaye da Kumatu sai in ga hoton yana dusashewa, yana dusashewa, har ya ɓace. Wataƙila ba da gangan ba ne. A lokacin ban yarda ba da gangan ba ne.

Wata safiya ina shara na ji ƙawata ta taka bulon nan. Na jingine tsintsiya ina murmushi. Ta leƙo ta ce, "Ƙawa, ina Ƙarami?"

Na ce, "Tana wanka."

"In ya gama ka ce ya zo. Kai ma ka zo."

Na ɗauki tsintsiyata na ci gaba da shara. Na share inda na riga na share.

Ana cikin haka aka aiko daga Sunkani cewa kakarmu ta zame a bakin rijiya ta gurɗe ƙafa. Dada ba za ta iya barin gida da jariri ba, sai aka ce ni babba in je in zauna da ita har ta fara takawa. Na ce a tura ƙanwata mana. Baba ya dube ni ta saman tabarau, na tashi na haɗa kayana. Kafin mu fita na haura wajen ƙawata na ce ta kula mini da Kumatu. Ta ce, "Ba komai, yana nan."

A Sunkani ina ɗebo ruwa, ina dama wa kaka kunu, ina shafa mata man zafi a idon sawu. Tana son hira, ni kuwa rabin hankalina yana barandar likita. In na ga kwaɗo a bakin randa sai in tuna. In hadari ya haɗu sai in ce yau ba su da haske, ba za su yi nisa ba, in ji daɗi. In rana ta fito sai raina ya ɓaci. Kaka ta ce, "Yarinyar nan, wa kika baro a birni?" Na ce babu kowa. Ta yi dariya ta ce in miƙo mata goronta.

Ranar da na dawo ko ɗankwali ban sauya ba na zagaya. Suna baranda su biyu, kai a haɗe. Ƙawata ta yi murna da ganina, ba zan ce ba ta yi ba. Ta ja hannuna ta zaunar da ni, ta ce in ga inda suka kai. Sun wuce garuruwa da yawa, sun haye teku, sun shiga wani kogo. Ta buɗe tim ta nuna mini. Karen wutar yana nan ya zama ƙato. Ɗan ganyen nan ya girma ya yi furanni a ka. Sauran huɗun ban taɓa ganinsu ba: wani dogo mai kama da maciji, wani tsuntsu mai walƙiya, wani kamar tulin duwatsu, da wani siriri mai manyan idanu.

Na sake duba su daga sama zuwa ƙasa. Na ce, "Ina Kumatu?"

Ƙawata ta sosa wuya. "Yana akwati. Yana hutawa."

"Wa ya sa shi?"

Ƙanwata ce ta ce, "Ni na ce a sa shi, Adda." Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. "Kafin ya motsa an buge shi sau biyu. Dodannin nan na gaba ba irin na baya ba ne. Kuma shida kawai ake ɗauka."

"Ke wa ya tambaye ki? Gem ɗinki ne?"

"Ni na tambaye shi," in ji ƙawata a hankali. "Ƙawa, ba a yar da shi ba. Yana nan. Ka gani." Ta tuƙa ɗan mutumin zuwa ɗakin ajiya ta buɗe akwati. Ga sunansa nan a tsakiyar tarin dodannin da muka kama muka manta da su, tsakanin wata tsutsa da wani ɓera. Lambar ƙarfinsa tana nan inda na bar ta.

Na tashi na koma gida. Na shiga ɗaki na kwanta da kayan tafiya a jikina.

Kwanakin da suka biyo baya ban leƙa ɓangarensu ba. In ta kira ta katanga sai in ce ina aiki. Ƙanwata kuwa tana gama nata aikin take zagayawa, in jiyo muryoyinsu, in jiyo ɗan kiɗan nan na gem da ke tashi in an fara faɗa. Na san kiɗan cin nasara, na san na faɗuwa. Ina tsinke zogale ko ina tankaɗe, kunnena yana can. A gida na daina yi wa ƙanwata magana sai dole. In ta ce, "Adda, miƙo mini soso," sai in ajiye shi a ƙasa inda sai ta miƙe za ta ɗauka. In mun kwanta na ja zanen rufa gaba ɗaya. Ba ta rama ba ko sau ɗaya, ni kuwa ramawar nake nema.

Dada ta gaji da kallonmu. Wata rana muna cin dafaffiyar sabuwar doya da manja ta ce, "Ni ban san me ke cikin abin nan ba, ba na kuma son sani. Amma ba za a raba mini 'ya'ya a kan akwatin roba ba. Daga yau ko ku tafi tare, ko ku zauna tare."

Da farko na ji kamar an ba ni sarauta. In na ce ba zan je ba, ba mai zuwa. Na kwana biyu ina cewa kaina yana ciwo, ina kallon ƙanwata tana zaune a bakin ƙofa tana wasa da yatsun auta. Ɓangaren likita ya yi tsit, babu kiɗa. Sai ga ƙawata ta zagayo da kanta, ta tsaya a ƙofar ɗakinmu da gasasshiyar masara a hannu.

"Ƙawa, ka yi fushi da ni?"

"Ban yi ba."

"To ka zo mana. Saura kaɗan mu gama. Manyan na ƙarshe suka rage." Ta karya masarar ta miƙo mini rabi. Na karɓa, zuciyata ta fara sanyi. Sai ta ƙara da cewa, "Ni kaɗai ba zan iya ba. Momi ya ce Dada ya ce in ba ka zo ba, Ƙarami ba zai zo ba."

Da ba ta ƙara wannan ba, da na bi ta da gudu. Na bi ta duk da haka, ƙanwata a bayana, amma na san matsayina a kan tabarmar nan. Ni ce ake lallaɓawa don a samu wata.

Manyan na ƙarshe gwanaye ne a jere, sai ka kayar da wannan ka shiga ɗakin wancan, babu komawa gari a huta. In aka faɗi a ko'ina sai a koma farko. Tim ɗin ƙanwata ya wuce na farko, ya wuce na biyu da ƙyar, ya faɗi a na uku. Aka sake, aka sake faɗuwa. Duk sanda kiɗan faɗuwa ya tashi sai in ji wani abu mai daɗi ya ratsa ni, in kawar da kai ina kallon kajin likita don kada a gani a fuskata.

Da aka faɗi karo na ban san nawa ba, na ce, "Duk ba su da jiki. Bugu ɗaya biyu sun kwanta. Da Kumatu yana nan da ya tsaya."

Ƙawata ta dubi ƙanwata. Ko wannan sai an dube ta. Ƙanwata ta tsotsi leɓe ta ce, "A gwada."

Aka koma ɗakin ajiya, aka cire tulin duwatsun nan aka sa Kumatu. Ƙawata ta miƙo mini gem ɗin ta ce ni zan tuƙa shi in lokacinsa ya yi. Na jira har muka kai gwani na uku, wata mata mai dodanni kamar hayaƙi. Na fito da shi. Ga shi nan da kumatunsa, yadda na san shi, yana cika rabin gilashin. Dodon matar ya fara bugu, ya jure. Ya sake bugu, ya jure, jininsa ya kusa ƙarewa. Na danna masa ya faɗa da jikinsa, abin da ya fi iyawa. Rubutu ya fito a ƙasa. Na karanta da ƙyar, amma na gane: bugun bai taɓa shi ba, ya ratsa ta cikinsa kamar iska. Bugu na uku Kumatu ya sulale ƙasa ya ɓace.

Babu wanda ya yi dariya. Na jira ƙanwata ta ce ai ta faɗa, don in samu abin kamawa. Sai ta ce, "Ya jure biyu fa. Na dutsen ɗaya yake jurewa." Da gaske take, ba don ta faranta mini ba. Sannan ta ce ta gane, ba juriya ce matsalar ba, tsuntsun ya kamata a ajiye wa matar nan, a daina ɓata shi a ɗakin farko. Suka koma ɗakin ajiya. Ban ga lokacin da aka mayar da Kumatu akwati ba, ina kallon wani wuri.

Washegari likita ya dawo daga Iware da sababbin batir da kilishi a takarda. Bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, rana ta fito fes, muka zauna. Ƙawata tana dannawa, ƙanwata tana faɗa mata wanda za ta fitar da wanda za ta janye, a hankali kamar mai karanta allo. Suka wuce na uku. Suka wuce na huɗu. A na ƙarshe dodanni biyar suka faɗi, saura siririn nan mai manyan idanu da ɗan jini kaɗan, shi ya yi bugun da ya gama komai. Wani kiɗa da ba mu taɓa ji ba ya tashi. Gem ɗin ya riƙa nuna dodannin shida ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa, kamar ana kiran 'yan makaranta karɓar kyauta.

Ƙawata ta rungume ƙanwata har suka faɗi kan tabarma. Matar likita ta fito da gudu daga kicin tana tambaya da Turanci ko lafiya. Likita ya karɓi gem ɗin ya duba ta nesa, bai gane komai ba, ya shafa kan ƙanwata ya ce wannan yarinya za ta yi nisa. Aka raba kilishi. Ƙawata ta juyo ta ce, "Ƙawa, mun ci." Na ce, "Kun ci." Ta ce, "Mu duka." Na yi murmushi na tauna kilishina, yaji ya sa idona ya kawo ruwa, na ce yajin ne.

Na ɗauka in an gama gem ɗin komai zai koma yadda yake. Ƙanwata ta daina kula shi tun daga ranar, ta ce ai an gama, me kuma za a yi. Amma ƙawata ba ta daina nemanta ba. Suka koma carafke da duwatsu a baranda, suka koma kitsa wa 'yartsana gashi, daga baya da aka koma makaranta suna yin lissafi tare duk da ba ajinsu ɗaya ba. Ana kirana, ina zuwa, ana yi da ni. Gem ɗin kuma ya zama nawa kusan kullum, har da sababbin batir, don ba mai so. Na fito da Kumatu na sa shi a gaba, na ɗaga lambarsa har ta wuce ta karen wutar. Babu wanda zan nuna wa. Sau ɗaya na nuna wa ƙawata, ta ce, "Ya yi kyau," idonta yana kan duwatsun da ƙanwata ta watsa sama.

Kafin ƙarshen shekara aka yi wa likita canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Babbar mota ta zo da safe aka loda kujeru da katifu da kejin kaji. Matar likita ta kawo wa Dada turminta da tukwanen furanni, ta ce ba za su shiga mota ba. Dada ta ba ta yajin daddawa a gwangwani da atamfa. Ƙawata ta rungume ni sosai, ta ce, "Ƙawa, kar ka manta da ni." Na ce ba zan manta ba. Sannan ta juya wajen ƙanwata, sai kawai suka fashe da kuka su biyu, suka riƙe juna har sai da likita ya zo ya raba su a hankali. Baba ya ce in riƙe ƙyauren get kada iska ta turo shi kan mota. Ina riƙe da shi suka fita, hannun ƙawata a waje ta taga.

Ƙanwata ta ƙi cin abincin rana. Ta kwanta rub da ciki a kan gado tana shessheƙa, Dada tana zaune a gefenta tana bubbuga bayanta, har Baba ya leƙo ya ce a ƙyale ta, rabuwa da aboki ba daɗi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa. Na matsa idona ko hawaye zai zo, bai zo ba. Ni na fara sanin ƙawata, ni na fara zama a barandar nan, amma kukan ma ba nawa ba ne. Babu wanda ya tambaye ni ko zan ci abinci, don an ga na ci.

Da yamma Dada ta auna masara a roba ta ce mu kai niƙa, iska ta ɗan bugi ƙanwata. Na ɗora robar a kai muka fita. Idanunta sun kumbura, tana tafe tana jan hanci. Mun kusa injin sai ta sa hannu ta riƙe gefen zanena, yadda take yi tun muna ƙanana in za mu tsallaka titi. Na so in fizge. Wata babbar mota ta taho da gudu tana watsa ruwan kwata, na ja ta gefe muka tsaya har ta wuce, sannan muka tsallaka.